Babi na Bakwai: Gudummawar Sanin Littattafan Addini da na Magabata Wajen Fahimtar Adabin Hausa

7.0 Gabatarwa

A zauren malamai aka haifi rubutaccen adabin Hausa. Waɗanda suka fara rubuta waƙa da Hausa cikin ajami malaman addini ne, waɗanda suka rubuta waƙoƙin dominsu kuwa almajiransu ne da sauran jama'ar da ke halartar wa'azinsu. Ke nan mai waƙa da mai sauraro rijiya ɗaya suke sha. Wannan ya sa marubuci ba ya wahalar da kansa wajen kawo ƙissa tun daga farkonta har ƙarshe. Ambaton suna ɗaya, ko wuri ɗaya, ko kalma ɗaya ya wadatar, domin ya san mai sauraro zai cike sauran daga abin da ya karanta ko ya ji a gaban malaminsa.

Matsalar da ake fuskanta a yau ita ce, ɗalibi yakan tarar da waƙar a cikin littafin boko, an raba ta da karatun da ta fito daga cikinsa. Yana iya karanta baiti, ya san ma'anar kowace kalma, amma manufar baitin ta kuɓuce masa. Idan malaminsa ma haka yake, sai darasin adabi ya koma haddar jigo da ƙirga baitoci. Wannan babi zai duba yadda sanin littattafan addini da na magabata ke buɗe wa manazarci ƙofar adabi ta fuskar jigo da zubi da tsari da kuma salon ƙaga labari. Za a fi ɗauko misalai daga adabin Daular Sakkwato, sannan a nuna yadda malamin da ke koyarwa a unguwa irin Mabera, cikin birnin Sakkwato, zai amfana da ilimin da ɗalibansa suke zuwa aji da shi.

7.1 Littattafan da Ake Nufi

Ana iya kasa waɗannan littattafai gida biyu. Kashi na farko shi ne na addini zalla. A nan ake samun Alƙur'ani mai girma da tafsirinsa, musamman Jalalaini. Da littattafan hadisi irin su Arba'una da Muwaɗɗa da Buhari. Da na fiƙihun Malikiyya, tun daga Ahalari da Ishmawi da Iziyya har zuwa Risala da Askari da Muhtasar. Da na tauhidi irin Ummul Barahina ta Sanusi. Da kuma na sira da madahu irin su Ashafa da Burda da Ishiriniya. Kashi na biyu shi ne na lugga da adabi, wato waƙoƙin mawaƙan Jahiliyya, da Muƙamar Hariri, da littattafan nahawu irin su Ajuruma da Alfiyya, da na aruli, da kuma hikayoyi irin su Alfu Laila da Kalila wa Dimna. Ga manazarcin adabin Hausa, dole a ƙara da talifin malaman jihadi su kansu, domin su ma sun zama magabata ga marubutan da suka biyo bayansu.

Hujjar cewa waɗannan littattafai ne suka rene marubutan tana nan a rubuce. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1829, ya wallafa littafi mai suna Ida'un Nusukhi, inda ya lissafa malamansa da littattafan da ya karanta a wurinsu. Cikin abin da ya ambata akwai Ishiriniya da waƙoƙin mawaƙa shida na Jahiliyya da Muƙama, bayan littattafan nahawu da fiƙihu da tafsiri da hadisi. Duk wanda ya dubi wannan jeri ya ga rumbun da marubutan ƙarni na 19 suka riƙa ɗiba.

7.2 Fahimtar Jigo

7.2.1 Waƙoƙin Tarihi

Tarihin jihadi sananne ne. A watan Fabrairu na 1804 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tashi daga Degel zuwa Gudu tare da jama'arsa. A watan Yuni na wannan shekara aka gwabza da rundunar Sarkin Gobir Yunfa a Tafkin Kwatto, jama'ar Shehu suka yi nasara duk da ƙarancinsu. Bayan nan sun sha wuya a Tsuntsuwa da Alwasa, kafin Alƙalawa ta faɗi a 1808. Waƙar Gewaye, wadda Nana Asma'u (1793-1864) ta tsara da Fulatanci, ɗan'uwanta Isa ɗan Shehu ya mayar da ita Hausa, tana bin sawun wannan tafiya zango bayan zango.

Ɗalibin da bai san sira ba zai ɗauki irin wannan waƙa a matsayin jerin sunayen garuruwa da yaƙe-yaƙe. Wanda ya san sira kuwa zai lura da cewa masu jihadi ba su kira tashinsu daga Degel gudu ko ƙaura ba, hijira suka kira shi. Wannan kalma ɗaya ta ɗora tafiyar Gudu a kan tafiyar Annabi (SAW) daga Makka zuwa Madina a shekarar 622. Haka kuma marubutan jihadi sun kwatanta nasarar Kwatto da ta Badar, wadda aka yi a shekara ta 2 bayan hijira, inda Musulmi ɗari uku da 'yan kai suka rinjayi rundunar da ta ninka su kusan sau uku. Da zarar an kama wannan zare, sai wahalhalun da suka biyo bayan Kwatto su tuno wa mai karatu Uhudu, faɗuwar Alƙalawa kuma ta tuno masa buɗe Makka. Ashe jigon waƙar ya wuce ba da labari. Tana tabbatar wa jama'a halaccin tafarkin da suka bi, ta hanyar nuna musu cewa rayuwar shugabansu ta bi sawun rayuwar Manzo. Malamin da ya rubuta wa ɗalibai "jigon tarihi" a allo ya tsaya nan, ya ba su ɓawo ya bar ƙwaya.

7.2.2 Waƙoƙin Wa'azi

Waƙoƙin wa'azi irin su Gangar Wa'azu da Baƙin Mari da Jan Mari cike suke da hotunan mutuwa da kwanciyar kabari da tashin ƙiyama da wuta da aljanna. Sabon manazarci yakan zaci mawaƙi ne ya ƙago waɗannan hotuna, sai ya yaba masa da ƙarfin tunani, ko ya zarge shi da wuce gona da iri. Duka hukunce-hukuncen biyu kuskure ne, domin tubalan ginin daga nassi suke. Sarƙa mai tsawon kamu saba'in a cikin Suratul Haƙƙa take. Itaciyar zaƙƙumu ta zo a cikin Saffati da Duhani da Waƙi'a. Ƙofofin wuta bakwai suna cikin Suratul Hijri. Tambayar kabari da siraɗi da tafkin Annabi kuwa hadisai da littattafan tauhidi suka yi bayaninsu.

Sanin haka ne ke nuna wa manazarci inda fasahar mawaƙi take. Tun da ba shi ya ƙagi hoton ba, gwanintarsa tana cikin yadda ya Hausantar da shi. Kalmar mari kanta misali ce. Bahaushe ya san mari, ƙarfen da ake ɗaure ƙafar fursuna ko kangararren yaro da shi. Da mawaƙi ya zaɓi wannan kalma, sai ya jawo azabar lahira ya ajiye ta inda mai sauraro ya taɓa ganin irinta da idonsa.

Haka abin yake a Tabban Haƙiƙa, wadda Shehu ya tsara da Fulatanci, Nana Asma'u ta fassara zuwa Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi. Waƙar tana gargaɗin masu mulki da alƙalai da sauran jama'a game da zalunci da cin haƙƙin mutane. Laifuffukan da take ambata kowane yana da babinsa a fiƙihu, kamar ƙwace da rashawa da hukunci ba bisa ƙa'ida ba. Wanda kuma ya karanta Kitabul Farƙi na Shehu, inda aka soki al'adun mulkin sarakunan Haɓe irin su karɓar gaisuwa da ɗora haraji na zalunci, zai gane nauyin waƙar. Abin da aka yaƙi wasu a kansa shi ne ake jan kunnen 'yan gida kada su koma masa.

7.2.3 Waƙoƙin Madahu

Madahu ya fi kowane jigo dogaro da ishara. Mawaƙi yakan ambaci gizo-gizo da kurciya, ko kututturen dabino, ko girgije, ko tsagewar wata, ko mutuwar wutar Farisa, ya wuce ba tare da ƙarin bayani ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙissa ce cikakkiya. Gizo-gizo da kurciya na nuni ga ɓuyan Annabi (SAW) da Sayyidina Abubakar a kogon Sauru. Kututturen dabino shi ne wanda ya yi kuka lokacin da aka koma yin huɗuba a kan mumbari. Wutar Farisa kuwa tana cikin alamomin da masu sira suka ambata game da daren haihuwa. Waɗannan duka suna cikin Ashafa ta Alƙali Iyal, wanda ya rasu a 1149, da Burda ta Busiri, mutumin Masar na ƙarni na 13, da sauran littattafan mauludi.

Daga nan ne Ma'ama'are ta Shehu, wadda Isa ya fassara, da waƙoƙin Imfiraji na Aliyu Namangi na Zariya, wanda ya rasu a 1990, suka sha ruwa. Sunan Imfiraji ma Larabci ne, ma'anarsa yayewar ƙunci. Ɗalibin da ya san haka tun daga kan suna ya fara hango dalilin da ya sa mawaƙin yake cuɗa begen Manzo da zancen halin duniya da neman mafita.

7.2.4 Waƙoƙin Ƙarni na 20

Kada a zaci wannan buƙata ta tsaya ga waƙoƙin ƙarni na 19. Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, ɗan boko ne kuma ɗan siyasa, amma a gidan malanta ya tashi. Ba a fahimtar Waƙar Bidi'a tasa sai an san abin da malaman fiƙihu suke nufi da sunna da bidi'a, da kuma yadda Shehu ya yi sharhin al'adun aure da suna da makoki a cikin Ihya'us Sunna. Ko a waƙoƙin baka, idan makaɗin fada ya kira basarake jikan Mujaddadi, yana jingina shi ne ga hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito game da mai jaddada addini da ake tayarwa a kan kowace shekara ɗari. Kirarin yabo ne, kuma tunatarwa ce ga basaraken game da gadon da ke wuyansa.

7.3 Fahimtar Zubi da Tsari

7.3.1 Mabuɗi da Marufi

Yawancin rubutattun waƙoƙin Hausa suna buɗewa da sunan Allah da godiya gare shi da salati ga Annabi (SAW) da alayensa da sahabbansa, su kuma rufe da irin haka. Wannan tsari ne na talifi a duniyar Musulunci, kowane littafin fiƙihu ko nahawu da shi yake farawa. Amfanin sanin haka shi ne, manazarci ba zai ɗauki kowace waƙa mai basmala a matsayin waƙar addini ba. Sannan zai koyi duba sunayen Allah da mawaƙi ya zaɓa a mabuɗi, domin sau da yawa zaɓin yana haska jigon da ke tafe.

7.3.2 Tahamisi

Tahamisi shi ne wani mawaƙi ya ɗauki baiti mai ɗango biyu na wani, ya ɗora masa ɗango uku a sama, baitin ya zama ƙwar biyar. Malaman ƙasar Hausa sun saba da wannan tsari ta hanyar Ishiriniya. Asalinta waƙar Alfazazi ce, wanda ya rasu a 1230, ya tsara wa kowane harafi baiti ashirin, daga baya Ibn Mahibu ya yi mata tahamisi. Wanda bai san wannan al'ada ba, idan ya zo nazarin Tabban Haƙiƙa zai jingina ɗangogi biyar ɗin ga mutum ɗaya. Alhali kuwa ɗango biyu na ƙarshe su ne na asali, ukun farko na mai tahamisi ne, kuma aikinsu share fage da faɗaɗa ma'ana. Duk hukuncin da za a yanke game da salon marubuci ya rataya ga wannan rarrabewa.

7.3.3 Aruli

Halilu ɗan Ahmad, malamin Basra na ƙarni na 8, shi ya tsara ilimin aruli, ya fitar da karuruwa 15, daga baya aka ƙara na 16. Da yake Hausa tana bambanta gaɓa mai nauyi da marar nauyi kamar yadda Larabci ke yi, sai karuruwa irin su Mutaƙarab da Kamil da Basiɗ da Wafir da Ramal suka zauna mata daidai. Alal misali, ƙafar fa'ulun ta Mutaƙarab gaɓa ɗaya ce marar nauyi da biyu masu nauyi, kamar yadda ake ji a kalmomin Musulmi da Talata. M. K. M. Galadanci da Mervyn Hiskett duk sun yi rubutu a kan wannan dangantaka a 1975.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne wajen zihafi. A karin Kamil, ƙafar mutafa'ilun tana farawa da gaɓa biyu marasa nauyi, amma aruli ya yarda a musanya su da gaɓa ɗaya mai nauyi. Wanda bai san wannan rangwame ba zai ce waƙar ta karye, ya ɗora wa gwani laifin da bai yi ba.

7.3.4 Ramzi

Marubutan da sukan saka shekarar da suka yi waƙa cikin wata kalma a baitocin ƙarshe. Wannan shi ne ramzi, kuma da lissafin abajada ake warware shi, inda kowane harafi yake da adadi. Abin lura shi ne, lissafin iri biyu ne, na Gabas da na Magariba, malaman ƙasar Hausa kuwa na Magariba suka gada. A na Magariba shinun 1000 ne, sinun 300, gainun 900. A na Gabas kuwa gainun ne 1000, shinun 300, sinun 60.

A ɗauki misalin ramzin da ya ƙunshi haruffan shinun da ra'un da lamun da ba'un. A lissafin Magariba, 1000 da 200 da 30 da 2 sun ba da 1232, wato shekarar hijira da Shehu ya rasu a Sakkwato. Idan aka ninka 1232 da 0.97 aka ƙara 622, za a sami 1817 ta miladiyya. Amma wanda ya yi aiki da lissafin Gabas zai sami 532, ya mayar da waƙar baya da shekara 700, zuwa zamanin da ba a haifi ko kakannin mawaƙin ba. Saboda wannan ƙa'ida ce ake ganin ramzin waƙoƙin ƙarni na 13 na hijira yana ɗauke da shinun da ra'un, na ƙarni na 14 kuma da shinun da sinun.

7.4 Fahimtar Ƙagaggun Labarai

Rubutun zube ma bai fita daga wannan da'ira ba. A gasar da Rupert East ya shirya a 1933, Abubakar Imam (1911-1981) ya shiga da Ruwan Bagaja. A cikin littafin, Alhaji Imam yana yawo gari gari, duk inda ya sauka sai ya ci karo da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, su yi ta shirya wa juna makirci. Wanda ya karanta Muƙamar Hariri, malamin Basra da ya rasu a 1122, zai gane wannan gini nan take. A cikin muƙamomi 50 na littafin, mai ba da labari Harisu ɗan Hammamu yana haɗuwa da Abu Zaidi, mai wayo da zaƙin baki, a garuruwa daban-daban cikin kamanni daban-daban. Imam da kansa ya ambata cewa ya yi koyi da Muƙama.

Wannan sani yana kawar da zargi biyu da ɗalibai kan yi. Na farko shi ne cewa labarin ba shi da ƙulli ɗaya, ya cika tsalle-tsalle. Amsa ita ce, tsarin muƙama ke nan, kowane zango labari ne mai cin gashin kansa, taurarin ne suke ɗinke su. Na biyu shi ne zargin satar fasaha, wanda aka fi yi wa Magana Jari Ce (1937-1939), inda aku yake riƙe Musa ɗan sarki da labarai dare bayan dare, kamar yadda Shaharzada ta riƙe sarki a Alfu Laila. Ba a iya raba gardama a kan wannan sai an ajiye tushe da reshe gefe da gefe. A nan ne za a ga abin da Imam ya ɗauka, da abin da ya zubar, da yadda ya sanya wa labaran sunaye da sarautu da karin magana da barkwancin Hausa har suka zama 'yan gida. Adabin duniya haka yake tafiya. Mai nazarin adabin Ingilishi ma ba ya fahimtar John Milton sai ya san Baibul da tatsuniyoyin Girkawa.

7.5 Malami a Cikin Aji: Misalin Mabera

Mabera unguwa ce babba mai yawan jama'a a birnin Sakkwato, kuma kamar sauran unguwannin birnin tana da makarantun allo da na Islamiyya da zaurukan karatu, ga kuma makarantun boko. Yaro yakan je boko da safe, ya je Islamiyya ko makarantar allo da yamma. Da yawa daga cikin ɗaliban sakandare sun sauke izifi masu yawa, sun karanta Ahalari da Arba'una, sun ji karatun Ashafa da tafsiri a watan azumi, sun kuma ji ana rera Ishiriniya. Bayan haka, harshen da suke magana da shi a gida shi ne Sakkwatanci, wanda da shi aka rubuta da yawa daga cikin waƙoƙin ƙarni na 19. Kalmomi irin su shina da wanga da ɗiya, waɗanda kan tsayar da ɗalibin wata nahiya, su abincinsu ne na yau da kullum.

Sai dai ɗaliban ba su cika haɗa karatun yamma da na safe ba. Suna ganin wancan addini ne, wannan kuma Hausa ce ta jarrabawa. Aikin malami shi ne ya gina gada tsakanin biyun. Ga wasu matakai da za su taimaka:

(a) Kafin shiga aji, malami ya karanta waƙar, ya ja layi a ƙarƙashin kowane suna da wuri da kalmar aro da bai tabbatar da asalinta ba.

(b) Ya bincika asalin kowace ishara a littafinta. Abin da ya shige masa duhu ya kai wa malamin zaure ko abokin aikinsa mai koyar da Larabci ko addinin Musulunci. Tambaya ba ta rage darajar malami.

(c) A cikin aji, ya fara tambayar ɗalibai abin da suka sani game da ƙissar kafin ya yi bayani. Sau da yawa za a sami wanda zai kawo ta daidai, kuma wannan yana ƙarfafa wa yara gwiwa.

(d) Daga nan ya mayar da su ga waƙar da tambayoyi uku: Me mawaƙi ya ɗauko? Me ya sauya ko ya ƙara? Me ya sa ya ajiye shi a wannan baiti?

(e) Ya sa a rera waƙar, domin don kunne aka yi ta, kuma a wajen rerawa ne kari yake fitowa.

(f) Idan da hali, ya kai ɗalibai Hubbaren Shehu da gidan adana kayan tarihi na Waziri Junaidu da ke cikin birnin, su ga rubutun ajami da idonsu.

Wannan hanya tana da asali a ƙasar. Nana Asma'u ta yi amfani da waƙa wajen karantar da matan karkara ta hannun jajojin 'Yan Taru, waɗanda kan zo su karɓi karatu su koma su isar. A wurinta waƙa taƙaitaccen littafi ce da ake ɗauka a ka. Malamin da ya mayar da waƙar ga littafin da ta fito, hanyar da aka bi da farko ya sake bi, sai dai ya faro ta daga ɗaya ƙarshen.

7.6 Abubuwan Kiyayewa

Na farko, gano tushen baiti somin-taɓi ne, nazari yana gaba. Darasin adabi ba zai koma darasin wa'azi ko fagen jayayyar aƙida ba. Inda malamai suka saɓa game da ingancin wata ƙissa, abin da ya shafi manazarci shi ne yadda mawaƙi ya fahimce ta da aikin da ya sa ta.

Na biyu, ba kowane ɗalibi ne Musulmi ba, kuma ba kowane Musulmi ne ya yi karatun zaure ba. Wajibi ne malami ya kawo bayanin a matsayin ilimin da kowa zai iya koya, kada ya mayar da shi abin gori.

Na uku, kada a mayar da komai ga Larabci. Akwai marubutan da suka ɗauki karin waƙarsu daga makaɗan baka da waƙoƙin dandali, akwai kuma hotunan da suka fito daga noma da farauta da tatsuniya. Wata kalmar mai wuya tsohuwar Hausa ce, wata kuma Fulatanci ce. Wanda ya tilasta wa kowace waƙa shiga ma'aunin Halilu ya yi kuskure daidai da wanda bai san ma'aunin ba.

7.7 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa marubutan Hausa sun yi rubutu ne ga jama'ar da suka yi tarayya da su a karatu, don haka suka wadatu da ishara. Sanin sira yana fito da manufar waƙoƙin tarihi, sanin Alƙur'ani da fiƙihu yana nuna inda fasahar mai wa'azi take, aruli da abajada suna tsare manazarci daga karya lafiyayyar waƙa ko ɓatar da shekararta, Muƙama da Alfu Laila kuma suna ba shi ma'aunin da zai auna aikin Abubakar Imam. Ba a neman malamin Hausa ya zama shehin tafsiri. Abin da ake nema gare shi shi ne ya san littattafan da sunayensu da abin da suka ƙunsa, ya gane ishara idan ya gan ta, ya kuma san ƙofar da zai ƙwanƙwasa idan ta gagare shi.

Jinga

1. Kawo littattafai biyar na addini da uku na lugga da adabi da suka yi tasiri a kan marubutan Hausa, tare da bayanin abin da kowane ya ƙunsa.

2. Yi bayanin yadda kalmar hijira take sauya fahimtar mai nazarin Waƙar Gewaye.

3. Warware ramzin da ya ƙunshi haruffan shinun da sinun da kafun da alif bisa lissafin Magariba, idan kafun 20 ne alif kuma 1, sannan ka mayar da shekarar zuwa miladiyya.

4. Kwatanta dangantakar Alhaji Imam da Malam Zurƙe da ta Harisu da Abu Zaidi.

5. Zaɓi waƙar madahu ɗaya, ka tsara darasin minti 40 a kanta domin ɗaliban babbar sakandare, kana mai bin matakan da aka kawo a 7.5.